Hudar Mangwaro Da Hazon Da Ya Dawo: Shin Wanda Ya Fara Da Wuri Ya Yi Kuskure?



'Yan uwa, akwai wata tambaya da take yawan zuwa mini a 'yan shekarun nan. Lafazinta yakan bambanta, amma ma'anarta ɗaya ce. Mutum ya fara abin alheri: ya buɗe ɗan shago, ko ya yi aure, ko ya koma makaranta bayan shekaru, ko ya tara marayun unguwa yana ɗaukar nauyin karatunsu. Sai yanayi ya juya, abin ya rushe ko ya kusa rushewa. Shin tun farko kuskure ya yi da ya fara? Da ya jira ƙasa ta daidaita, da bai fi masa ba?

Tambaya ce mai nauyi, musamman tun daga watan Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi, jarin mutane da yawa ya narke a hannunsu. Ina so in amsa ta da abin da yake faruwa a tsakar gidajenmu a ƙarshen hunturu, domin darasin yana nan a gabanmu kowace shekara, sai dai ba mu cika tsayawa mu duba ba.

Duk wanda yake zaune a Darmanawa ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san yadda wannan lokaci yake. Ruwan ƙarshe ya sauka tun Satumba ko Oktoba. Wata huɗu ko biyar ke nan ƙasa ba ta ga ɗigo ba sai abin da aka saya wurin 'yan garuwa ko aka ja a burtsatse. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, ganyen bishiya ya yi furu-furu da ƙura. Amma ka leƙa ta saman katangun gidaje, ko ka bi titin Gidan Zu ka ɗaga kai. Mangwaro ya cika da huda, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Darbejiya da ta zubar da ganye ta fara toho, ƙananan ganye masu ja-ja suna leƙowa. Zogalen da aka sare kansa ya fitar da sababbin rassa. A ɗan lambun da ke bayan ɗakina, lemon tsami da gwaiba da alayyafon da ake shukawa a buhu, duk sukan farka ne a daidai lokacin da babu alamar hadari ko ɗaya a sama. Damina kuwa sai Mayu ko Yuni.

Sannan sai abin da kowa ya sani ya faru. An ɗauka sanyi ya tafi, an naɗe barguna, an fara kwana a waje, sai a wayi gari hazo ya dawo, iska tana kaɗawa. Waɗanda suke da wayo a watan Maris na 2010 za su tuna hazon da ya rufe ƙasar nan bayan an gama sallama da hunturu, har aka riƙa soke tashin jirage. A irin wannan rana in ka duba gindin mangwaro za ka ga huda ta zube kamar an shimfiɗa tabarma.

Mutanen ƙasashen sanyi ma suna da irin wannan jarrabawa, tasu da dusar ƙanƙara. A Faransa, ƙarshen watan Maris na 2021 ya zo da ɗumi sosai, itatuwan inabi da sauran 'ya'yan itace suka yi toho da wuri. Farkon Afrilu sai sanyi mai daskarar da raɓa ya dawo, manoma suka kwana suna kunna wuta a tsakanin kunyoyi don su ɗumama gonakinsu, duk da haka aka yi asara mai yawa. Ka ga ashe lamarin ba namu ba ne mu kaɗai. Ko'ina a duniya tsiro yana farkawa ne kafin a ba shi tabbacin cewa sharri ya wuce.

To, mangwaron nan wauta ya yi?

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, sanyin da yake kaɗe hudar shi ne ya fito da ita. Masana noma sun tabbatar cewa sanyin dare da bushewar ƙasa su ne suke sa mangwaro ya bar yin ganye ya koma yin fure. Da zai ce ba zai yi huda ba sai hazo ya wuce gaba ɗaya, da bazara ta riske shi bai fara komai ba, da babu mangwaron da za mu sha a Afrilu da Mayu. Haka alkamar da ake nomawa a Kadawa da Kura da ruwan madatsar Tiga: a sanyi take yi, in aka makara shuka zafi ya same ta tana fitar da kai, an yi asara. Hatta ƙurar kanta ba sharri ce zalla ba. Mafi yawanta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe, tana ɗauke da sinadaran da ƙasa take buƙata. Wani bincike da masanan hukumar NASA ta Amurka suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 27 na ƙurar Sahara yana ƙetare tekun Atilantika kowace shekara ya sauka a dajin Amazon, ya zame masa taki. Abin da yake sa mu tari a Kano, yana ciyar da daji a wata nahiyar.

Wannan ya nuna mana cewa lokacin da ake kira "sai komai ya daidaita" ba ya cikin kalanda. Ni dai tun ina yaro nake jin manya suna cewa zamani ya yi tsanani, su ma haka suka ji daga nasu iyayen. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 suna nan da ransu, ku tambaye su. A cikin waɗannan shekarun aka yi aure, aka haifi mu, aka gina masallatan da muke sallah a ciki. Sau da yawa ma ƙuncin ne yake zaburar da mutum ya koyi sana'ar da a lokacin wadata yake raina ta. Saurayin da ya ce ba zai motsa ba sai farashi ya sauko, wannan shi Bahaushe yake cewa yana jiran gawon shanu.

Amma kada mu yi saurin rufe magana, domin mai tambaya yana da hujja. Zai ce, "Malam, ai gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma sauri ya haifi nawa. Mun ga waɗanda suka ci bashi suka yi biki, ba a shekara ba aure ya mutu. Mun ga wanda ya sayar da gidan gado ya zuba a kasuwancin da bai sani ba, yau yana haya. Duk waɗannan su ma cewa suka yi sun dogara ga Allah." Wannan magana gaskiya ce, kuma duk malamin da zai ce wa mutane su faɗa kawai ba tare da ya amsa ta ba, bai yi musu adalci ba.

Amsar tana jikin bishiyar. Ka duba da kyau, me mangwaro yake sakawa a gaban iska? Huda. Reshe ɗaya na hudar yana ɗauke da ɗaruruwan furanni, wani har dubbai, kuma ko a shekarar da babu iska, kaɗan ne ƙwarai suke zama 'ya'ya. An halicce shi da sanin cewa mafi yawansu za su zube. Amma saiwarsa tana can ƙarƙashin ƙasa inda iska ba ta kaiwa, gangar jikinsa tana nan. In hudar bana ta zube, baɗi zai sake. Abin da zai iya jure rashinsa shi yake fitarwa, abin da rayuwarsa ta rataya a kai kuwa yana ɓoye.

Wannan shi ne ma'aunin da nake bai wa duk wanda ya zo mini da shawara. Kafin ka fara, zauna ka raba kayanka gida biyu: wanne ne huda, wanne ne saiwa? Lokacinka, ƙarfinka, ɗan abin da ka tara wanda in ya tafi ba za a kwana da yunwa ba, jin kunyar a ce ka gwada ka faɗi, duk waɗannan huda ne, saka su kada ka ji tsoro. Amma gidan da iyalinka suke kwana, abincin 'ya'yanka, dukiyar marayu da ke hannunka, amanar da aka ba ka ajiya, mutuncinka da addininka, waɗannan saiwa ne. Wanda ya ɗauki bashin ruwa don ya fara kasuwanci, ko ya taɓa kuɗin adashin mutane da niyyar zai mayar in an samu riba, wannan saiwarsa ya tono ya shanya a rana. Bambancinsa da wancan ba a saurin farawa yake ba, a abin da kowannensu ya saka ne.

Manoman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan. Akwai shukar da ake kira binne: a shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, don ruwan farko ya same shi a ciki. Manomi ya san akwai haɗari. Ana iya yin yayyafi iri ya tsiro, sannan ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kowace shekara takan gargaɗi manoma a kan irin wannan ruwan farko mai yaudara. Duk da haka ana yin binne, domin wanda ya dace yakan riga kowa cin tumu. Sai dai manomi mai hankali ba ya juye duk irinsa a rami. Yakan rage wani a rumbu saboda ko za a sake shuka. Ga tawakkali, ga kuma ɗaure raƙumi, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci mutumin da ya tambaye shi ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, a hadisin da Tirmizi ya ruwaito.

Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya yi amfani da misalin manomi a babin tsoro da fata na littafinsa Ihya'u. A taƙaice ya raba masu jira gida uku. Wanda ya samu ƙasa mai kyau, ya zuba iri mai kyau, ya yi ban ruwa, ya cire ciyawa, sannan ya zauna yana jiran falalar Allah, jiransa shi ne fata na gaskiya. Wanda ya shuka a ƙasa mai kyau amma babu ruwa, yana jiran ruwan sama a wurin da ba a saba yi ba, nasa buri ne. Wanda kuwa ya watsa iri a ƙasar gishiri bai ko waiwaye shi ba, yana jiran girbi, nasa ruɗin kai ne. Ku lura, dukansu ukun ba wanda yake da tabbacin girbi. Abin da ya raba su shi ne abin da kowa ya yi kafin ya zauna jira.

Yanzu mu koma kan asalin tambayar. Mutum ya yi duk abin da ya kamata: ya yi shawara da masana, ya yi istihara, ya kiyaye saiwarsa, sannan iska ta zo ta kaɗe komai. Ya yi kuskure?

Amsata ita ce a'a. Muna da wata ɗabi'a ta auna shawara da sakamakonta. In mutum ya yi ganganci ya dace, sai mu ce mai wayo ne. In ya yi tsari ya faɗi, sai mu ce dama mun faɗa. Wannan awo ne na zalunci, domin ana tuhumar mutum da ilimin da ba ya hannunsa ranar da ya yanke shawara. Shari'a ba haka take awo ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa alƙalin da ya yi iya ƙoƙarinsa ya dace yana da lada biyu, in kuma bai dace ba yana da lada ɗaya. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, Annabi (SAW) ya yi shawara da sahabbai, da yawa suka zaɓi a fita wajen Madina, aka fita, aka rasa kimanin mutum 70, cikinsu har da Sayyidina Hamza. Bayan wannan rashi, umarnin da ya sauka a Suratu Ali Imrana shi ne ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya ci gaba da shawara da su. Ba a ce shawara ce ta jawo ba don haka a daina.

Shi ya sa aka hane mu da yawan "da na sani". A hadisin Muslim an yi mana umarni da kwaɗayin abin da zai amfane mu da neman taimakon Allah, sannan aka gargaɗe mu cewa faɗin "da na yi kaza" bayan musiba yana buɗe wa shaiɗan ƙofa. Wannan bai hana mutum ya zauna ya duba inda aka samu matsala don gaba ba. Manomin da tsironsa ya ƙone yakan lura da wace gona ce ta fi riƙe laima. Abin da aka hana shi ne ka mayar da kanka kotu kana yanke wa jiya hukunci da shaidar da sai yau ta iso.

Akwai kuma wani abu da yake ƙara wa mutane ciwo, wato kallon na kusa. Abokinka ya yi gida, ƙaninka ya yi mota, kai kana nan. A nan ina tuna muku da gawo. Duk bishiyoyi suna yin ganye da damina, shi kuwa a lokacin yake zubar da nasa ya tsaya kamar busasshe. Sai rani ya yi, kowa ya bushe, sannan ya yi kore shar, dabbobi su samu inuwa da abinci. Wannan saɓanin nasa shi ya sa manoma suke son sa a gona: ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Wanda ya ga gawo a watan Agusta ya ce ya mutu, bai san gawo ba.

Kuma sau da yawa abin da muke gani ya mutu, saiwarsa tana raye. A jihar Maraɗi, a farkon shekarun 1980, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya daɗe yana dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sharewa a gonaki duk shekara, tohon tsofaffin kututture ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin 'yan rassa masu ƙarfi suna sassabe sauran, abin da ake kira sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, musamman yankunan Maraɗi da Damagaram. Ɗan'uwana da shagonka ya rufe, sanin kasuwar da ka samu yana nan, mutanen da suka san gaskiyarka suna nan, hannunka da ya iya aikin yana nan. Kututturen bai mutu ba.

Saura haƙƙin da yake kanmu mu da muke kallo. Duk mai lambu ya san ƙaramin dashe ba ya tsallake hunturu shi kaɗai. Sai an kewaye shi da zana ko ƙaya saboda iska da awaki, sai an riƙa zuba masa ko da ruwan alwala ne. Haka wanda ya fara abu a cikinmu. Yaron unguwa ya buɗe shago, ka saya a wurinsa, in ka ci bashi ka biya a kan lokaci. Wallahi shaguna da yawa ba tsadar kaya ce ta kashe su ba, bashin 'yan uwa da maƙwabta ne. Matashi ya zo neman aure da sana'arsa ƙarama da halinsa mai kyau, kada a ɗora masa lefen da sai ya tono saiwarsa zai iya. Wanda kuma ya faɗi, ka riƙe "ai na faɗa maka" a bakinka. Masu dariyar wanda ya gwada ya faɗi su ne suke koya wa yara goma da ke kallo cewa zama ya fi, sannan gobe su dawo suna kukan zaman banza ya yi yawa a unguwa.

Imamu Ahmad da Buhari a Al-Adabul Mufrad sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya yi umarni, ko da alƙiyama ce za ta tsaya alhali ɗayanmu yana riƙe da ɗan dashen dabino, in yana da ikon dasa shi kafin ta tsaya, ya dasa. Dabino yana ɗaukar shekaru kafin ya yi 'ya'ya, wannan kuwa ko awa ɗaya ba shi da ita. Babu wanda zai ci, babu wanda zai sha inuwa, amma aka ce ya dasa. Ma'ana aikin kirki yana da ƙimarsa tun ranar da aka yi shi, kafin a san abin da zai haifar. In wanda ya tabbata ba zai girba ba an ce ya dasa, ina ga wanda bai sani ba, wataƙila ya girba?

Don haka mai niyyar alheri, ka yi shawara da waɗanda suka san harkar, ka yi istihara, ka ware abin da ba za ka taɓa ba, ka fara da ɗan abin da ke hannunka. Wanda kuma ya riga ya fara iska ta kaɗe, ka yi haƙuri, ka duba abin da ya rage, kada ka zargi kanka a kan abin da ba ka da iko da shi. Mai ɗan fili a gida ko da taku uku ne, ya samu zogale ko lemo ya dasa kafin damina ta kama, ya sa yara su riƙa ba shi ruwa. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi.

Allah Ya sanya albarka a abin da muka fara, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya ba mu damina mai albarka. Wallahu a'alam.